Ranar da Jarumin Bai Dawo Ba

Jikata ce ta ja ni bakin kogi a Paris, wurin masu sayar da tsofaffin littattafai cikin korayen akwatunan nan da aka kafe a jikin katanga. Ni ban so fita ba, gwiwa ta matsa mini, amma yarinyar nan in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa. Muna tafe a hankali, tana neman abin da ya shafi karatunta na jami'a, ni ina kallon jiragen ruwa masu yawo da baƙi, sai idona ya faɗa kan wani littafin zane, irin wanda muke ce wa bede, an rufe shi cikin leda kamar kayan gado. A bangonsa ga wani ƙato da mayafi yana kaɗawa a bayansa, ya ɗauko wata mata a hannu biyu, ta saki jiki, gashi ya zubo, takalminta ɗaya yana faɗowa daga sama. Na roƙi mai akwatin ya buɗe mini ledar. Ya ɗauka karantawa zan yi, ni kuwa hanci na kai. Warin nan na tawada da takarda mai arha yana nan bai gushe ba, kuma da na shaƙe shi sai na ji kamar Inna ta kira ni daga kicin.

Jikar tawa ta leƙo, ta buɗe shafi biyu uku, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Kaka, c'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba. Dubi nan. Ko'ina mace ko tana kuka, ko ta suma, ko an ɗaure ta a kujera. Ku da kuka tashi da irin wannan, yaya aka yi kuka zama mutane?" Na yi dariya har mai akwatin ya waiwayo. Na ce mata, "Ke karantawa kika yi. Ni kuwa ni ce matar da ake ɗaurewa."

Mun tashi a Minguettes ne, can Vénissieux, bayan garin Lyon, lokacin da dogayen benayen nan suke sababbi, fentinsu bai daƙushe ba. Baba ya zo ƙasar nan karatu, karatu ya ƙare, aiki a masana'antar manyan motoci ya riƙe shi, sai ya aika aka kawo mu daga Damagaram, ni da Inna da yayana Lawali. Mu Hausawa a kartiyen, wato unguwar, ba mu cika hannu ba. Maƙwabtanmu Larabawan Aljeriya ne da ƴan Fotugal da talakawan Faransa. In ka hau matakala, hancinka ne zai gaya maka hawa na nawa kake: nan kifi busasshe, can kuskus, sama kuma daddawarmu, wadda Inna ke ɓoyewa cikin gwangwani uku don kada ta tayar da rigima. Har yau in na rufe ido ina jin sautukan benen nan. Gurnanin asansar, wato ɗakin ƙarfen da ke hawa da mutane, ranar da ya ga damar yin aiki. Ƙarar shara tana gangarawa cikin bututunta. Iyaye mata suna kiran yara daga taga, kowace da harshenta. Da kuma turmin Inna, wanda take ɗorawa a kan bargo ninki huɗu don kada na ƙasa su ji, amma duk da haka sai tsohuwar da ke ƙarƙashinmu ta ɗauki tsintsiya ta bubbuga rufinta. Inna kan tsaya, ta ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah, yaji ba ya daka kansa," sannan ta ci gaba da daka a hankali kamar mai lallashin jariri.

Aikina a gidan sananne ne. Ni ce mai sayen burodi da sassafe, ni ce mai wanke kwanuka, ni ce mai riƙe wa Inna bakin zani in tana matsewa, ni ce mai shanya a igiyar da aka ɗaura a baranda. Lawali aikinsa ɗaya, ya yi karatu. Ba na faɗin haka da ɗacin rai, haka zamanin yake, kuma ba a gidanmu kaɗai ba. Yaran yanzu injin ke yi musu wanki, injin ke shanya, har kwanuka injin ke wankewa, amma in ka aike su ɗauko ruwa a firji sai sun yi nishi. Mu kuwa muna gama aiki da gudu ne, don akwai abin da muke jira: Laraba, ranar da babu lakwal, wato makaranta.

Ran Laraba duk yaran benaye suna ƙasa. A tsakiyar fili akwai wani ɗan kiyos mai sayar da jaridu, kuma a nan ake kawo littattafan jarumai, waɗanda aka fassaro daga Amurka. Lawali ya haukace a kansu. Yana saye, yana musaya da abokai, yana tara su cikin kwalin takalma ƙarƙashin gado. Ni ba a saya mini, sai in ya fita nake jawo kwalin in karanta, in mayar daidai yadda na tarar. A nan na koyi Faransanci na gaskiya, ba a aji ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina son su so na haƙiƙa. Yarinya ce ni baƙa, sabuwar zuwa, wadda ake yi wa dariya in ta buɗe baki, sai ga labarin mutanen da ake rainawa da rana, amma suna da wani ƙarfi a ɓoye wanda ba wanda ya sani. Wa zai ƙi wannan? Abin da kawai ban lura da shi ba a lokacin shi ne, duk masu ƙarfin nan maza ne. Mace a ciki aikinta ta faɗo daga saman bene a cafe ta, ko mugu ya sace ta, ko ta tsaya a taga tana tunanin ko jarumi zai aure ta. Ko an ba wata ɗan ƙarfi, da ta yi amfani da shi sai ta dafe goshi ta suma, sauran su ce mata ta koma baya, wannan aikin maza ne. Ban ga laifin haka ba. Na ɗauka haka duniya take, kamar yadda ruwa ke gangara ƙasa.

Daga karatu sai wasa. Yaran suka mai da labaran nan wasan kwaikwayo, kuma filin wasansu shi ne kaf, wato ɗakunan ajiya da ke ƙarƙashin bene, inda kowane gida ke da ɗan lungunsa na tarkace. Dogon lungu ne mai sanyi, bututai sun bi ta bango, fitilarsa irin wadda in ka danna takan yi ɗan lokaci ta mutu da kanta. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, hannunta na ciki ya daɗe da karyewa, saboda haka sukan tokare ta da bulo. Lawali shi ne jarumi kullum, don shi ke da littattafan. Yakan ɗaura tawul ɗin wankan Baba a wuya. Wani ɗan Fotugal mai ƙaton murya shi ne mugu. Wasan kuwa ba ya yiwuwa sai da mace, kuma ni ce macen. Za a ɗaure ni a bututu da igiyar shanyar Inna, in yi ta ihun neman taimako, mugu ya yi dariyar mugunta, jarumi ya faso ya yi dambe, ya kwance ni. Na iya ihun sosai, har yaba mini ake. Ina alfahari da shi, don ni kaɗai ce mace da maza suka yarda ta shiga wasansu.

Wata Laraba cikin sanyi, sai ga Samira ta biyo ni. Ɗiyar maƙwabcinmu ce, Ammi Sa'id, ɗan Aljeriya, yarinya ƙarama wadda ba ta daɗe da shiga lakwal ba, kuma tana da ciwon asma. Ta yi ta kuka ita ma sai an sa ta. Lawali ya ce to, ta zama ƙanwar matar. Aka ɗaure mu a bututu ɗaya, hannaye a baya, ni ɗaurin gaske, don ɗan Fotugal ya ce rannan yana son abin ya yi kama da na littafi. Mugu ya gama dariyarsa, ya koma bayan ƙofa yana jiran jarumi. Na ja numfashi zan fara ihu ke nan, sai na ji wani yaro daga waje yana kururuwa cewa sabon littafi ya iso kiyos, kuma kaɗan aka kawo. Na ji ƙafafu sun ruga kamar garken awaki. Wani a cikin gudun ya yi tuntuɓe da bulon. Ƙofar ƙarfen ta rufo da ƙara. Jim kaɗan fitila ta mutu.

Da farko ban ji tsoro ba. Na yi abin da na iya, na yi ihu, irin mai kyau, irin wanda ake yaba mini. Na tabbata a raina Lawali zai dawo, ai jarumi kullum yana dawowa, yakan bari sai abu ya kai maƙura ne kawai. Na yi ihu har maƙogwarona ya bushe. Sai na tsaya in huta, kuma a cikin shirun nan ne na ji wani sauti kusa da ni, siriri kamar busar sarewar kara. Ƙirjin Samira ne. Na kira sunanta, ta amsa da ƙyar. Ta ce, "Ba na iya numfashi." Maganinta na shaƙa yana sama wurin uwarta. Na san ciwon, na taɓa ganin ranar da ya tashi aka fita da ita a guje leɓunanta sun canza launi.

A nan ne wani abu ya juya a cikina, wanda har yau ban san sunansa ba. Na dai ji na daina sauraron ƙofa. Na ce mata, "Samira, kada ki yi kuka, kuka yana cin iska. Ki ja a hankali, ina zuwa." Na fara murza hannu, igiya ta ƙi. Na miƙe tsaye ina jan ɗaurin sama a jikin bututun har ya ci karo da ƙarfen da ya riƙe shi a bango, na ji bakin ƙarfen yana da kaifi. Na dinga goga igiyar a kai, sama da ƙasa, fata tana tafiya tare da zaren. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da ta tsinke na faɗi kan gwiwa, na lalubi bango har na sami madannin fitila. Na kwance Samira. Na je ƙofa na buga, na tura da kafaɗa, ko motsi. Sai na tuna can ƙarshen lungun akwai wata ƴar taga a sama, daidai da ƙasan waje, wadda muke ganin takalman masu wucewa ta cikinta. Na jawo wani tsohon keken jarirai, na ɗora akwatin katako a kai, na sami ƙafar wani karyayyen gadon ƙarfe, na hau na rotsa gilashin. Na cire rigar sanyina na shimfiɗa a bakin tagar, na ɗaga Samira na tura ta waje. Ni da na zo fita tagar ta yi mini kaɗan, rigar ta zame, gilashi ya tsaga mini hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Ban ji zafi ba sai daga baya.

Samira ba ta iya tsayuwa. Na duƙa na goya ta yadda na ga mata na goyo tun ina ƙarama. Na dubi benenmu, na tuna asansar ya lalace tun safe, gidansu kuma can sama ne. Sai na juya na nufi farmasi da ke ƙetaren fili. Hanyar ta bi ta gaban kiyos, kuma a nan na gan su, zaune a bakin titi, kawuna a haɗe kan sabon littafi. Lawali ya ɗago kai. Tawul ɗin Baba yana nan a wuyansa. Ya gan ni da goyo, jini yana ɗiga daga yatsuna, na ga bakinsa ya buɗe. Ban tsaya ba. Matar farmasin ta karɓi Samira, ta ba ta abin shaƙa, ta kira motar asibiti, sannan ta zaunar da ni ta ɗaure mini hannu kafin a kai ni ɗinki. Ta tambaye ni wa ya fito da mu. Ni kaina tambayar ta ba ni mamaki. Na ce, "Ba kowa."

Baba bai doki kowa ba, ba halinsa ba ne. Da ya dawo aiki ya ji labari, ya bar abinci ya huce a gabansa. Sannan ya yanke hukunci biyu. Kwalin littattafan zai tafi bututun shara. Ni kuma daga ranar na daina sauka ƙasa in ba lakwal ko aike ba. Ya ce, "Me ya kai ɗiya mace wasan maza tun farko? Da tana ɗaki da duk wannan bai faru ba." Wallahi maganar nan ta fi gilashin yi mini zafi. Na dubi Inna. Ita kuwa ba ta taɓa mayar wa Baba magana a gabanmu ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, a bar kwalin zuwa Lahadi." Ya ce to.

Ran Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ammi Sa'id ne, sanye da kwat ɗinsa na zuwa masallaci, da faranti cike da kayan zaƙi irin nasu. An riƙe Samira a asibiti uwarta na tare da ita, amma ta samu sauƙi. Shi yana wurin aiki abin ya faru, labari ya zo mishi ta bakin mutane, cewa yaron gidan baƙin nan ne ya ceci ɗiyarsa. A Faransanci kuwa in an ce yaro ba lalle a bambanta mace da namiji ba, shi kuma bai ga abin tambaya ba. Bayan doguwar gaisuwa da Baba, ya tashi ya nufi Lawali, ya kama kansa da hannu biyu ya sumbace shi a goshi, hawaye na zubo mishi. Ya ce, "Ɗana, ka saya mini rai. Allah ya yi maka albarka." Ni ina tsaye da tiren shayi, hannu naɗe da farin ƙyalle. Lawali ya sandare kamar itace. Baba ya sunkuyar da kai. Sai muryar Inna ta fito daga bakin kicin, cikin Hausa, ba ta ɗaga ta ba: "Malam, ashe har a ƙasar Nasara kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?"

Kafin Baba ya buɗe baki, Lawali ya fashe da kuka. Ya ce, "Ammi, ba ni ba ne. Mu ne muka ɗaure su muka manta. Ƙanwata ce ta fito da ita." Na daɗe ina tuna wannan, kuma ina girmama yayana a kansa har gobe. Ba ƙaramin abu ba ne yaro ya gaya wa mutum a fuskarsa cewa shi ya jefa ɗiyarsa cikin haɗari, alhali albarka ake sa mishi. Ammi Sa'id ya saki kan Lawali, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka faɗi gaskiya, wannan ma wani abu ne." Ya juyo wurina, ya karɓi tiren daga hannuna ya ajiye da kansa, ya ce in nuna mishi hannun. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce wa Baba, "Ɗan'uwa, wannan ɗiyar taka namiji ce." Inna ta tambayi abin da ya ce, Baba ya fassara mata. Ta ce, "A gaya mishi mun gode. Amma ba namiji ba ce. Mace ce, haka Allah ya yi ta, kuma a macen ta yi abin da ta yi."

Da baƙo ya tafi, Inna ta ce a kawo kwalin. Ita ba ta yi boko ba, saboda haka ta zaunar da Lawali a gabanta, ta ce ya karanta yana juya mata da Hausa, tana son ta ji abin da ya sa ɗanta ya ɗaure ƙanwarsa da igiyar shanyarta. Ta jawo faifan shinkafa tana tsince tsakuwa. Baba yana gefe da rediyonsa, wai ba ya saurare. Lawali ya fara. Bai yi nisa ba ta tsayar da shi. "Tsaya. Wannan da aka ɗaure a kujera, ba ta da haƙora ne?" Ya ce tana da su. "To me take jira?" Ya ce jarumi. Ta ce, "Uhm. Ci gaba." Can kuma, "Wannan mayafin da yake ta birgima da shi cikin turɓaya, wa ke wanke mishi?" Lawali ya ce ba a faɗa ba. "Ba za a faɗa ba ai." Da aka zo inda wata ta suma don ta ga mugu, Inna ta ajiye faifan. Ta ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin macen da ta sami lokacin suma ba." Na ji Baba ya yi wani tari wanda ba tari ba ne.

Sai ta ba mu labarin uwarta, kakarmu da ban sani ba. Ta ce wata shekara a ƙauyensu yaro ya faɗa rijiya, maza suka taru a baki suna gardamar wa zai shiga, kowa yana cewa wane ya fi shi rashin nauyi. Kakarmu ta ɗaura igiyar guga a ƙugu, ta miƙa musu bakin, ta ce, "Ku dai ku riƙe, in kun iya wannan." Ta shiga ta fito da yaron, ta koma gida ta ƙarasa tuwonta. Inna ta ce, "Ba wanda ya zana ta a takarda." Sannan ta juya wurin Baba, kuma wannan ne karo na farko da na ji ta yi mishi magana irin haka muna zaune. Ta ce, "Malam, littafin nan bai yi laifin da za a zubar da shi ba. Wanda ya zana shi ne bai zauna da mata ba, sai a yi mishi uzuri. Amma yarinyar nan, in ka kulle ta a sama saboda abin da aka yi mata a ƙasa, to ka ƙarasa ɗaurin da igiya ta fara."

Baba ya kashe rediyo. Sannan ya tashi, ya je inda yake rataye mabuɗai, ya ciro na lungunmu na kaf da na ƙofar ƙarfen, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Daga yau ke ce mai riƙe wannan. Wanda zai shiga, ya nemi izininki." Ya dubi Lawali ya ce, "Kai kuma tunda ka iya ɗaurin igiya, shanya ta zama taka." Haka kuwa aka yi. Ƴan bene suka sha kallon jarumi a baranda yana shanya zannuwan Inna.

Wasan nan bai sake tashi ba. Laraba ta gaba sun nemi wadda za a ɗaure sun rasa, suka gwada da wani ƙaramin yaro, ya yi ta kuka, sai suka watse suka koma ƙwallo. Ni kuwa ban daina karanta littattafan ba, sai dai na daina ɓoyewa, kuma tun daga ranar muryar Inna ke bina a kowane shafi tana tambayoyinta. Da na girma na ce aikin jinya zan yi, a sashen da ake kawo masu haɗari, inda ake kwana ana tsaye. Wasu daga cikin dattawanmu suka je wurin Baba suka ce bai dace ba, ɗiya mace cikin jini da maza. Ya saurare su har suka gama, ya ce, "Ni na ga hannunta." Bai ƙara ba. Na yi aikin a Lyon, na yi shi a Paris, har ƙafafuna suka ce sun gaji.

Yanzu wasu daga benayen nan an rushe su, taram, jirgin ƙasan cikin gari, na bi ta inda muke wasa, kiyos ɗin ko alamarsa babu. Yara ba sa cika fili ran Laraba, kowa yana ɗaki da wayarsa, iyaye mata sun daina kira ta taga. An ce jarumai mata sun yi yawa a fim, suna tashi sama suna dambe, ko da yake ƴan matan yanzu na cewa har yau rigunan da ake sa musu ba na mai shirin aiki ba ne. Wannan faɗansu ne, su yi shi, kuma ina bayansu. Ni abin da nake kewa shi ne hayaniyar nan, da turmi a kan bargo, da lokacin da gida ɗaya zai zauna a kan littafi ɗaya ana gardama.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta koma Damagaram, ta ce ƙashinta ba zai kwanta cikin sanyi ba. Da na je ganinta, ina da yara a lokacin, sai na ga matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba gaisuwa kawai ta kawo su ba, kallona suke. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana jujjuyawa, ta ce, "Ashe ke ce kika ɓalle ƙofar ƙarfe a Faransa?" Wata ta ce ita ta ji yara bakwai na fitar, biyu a baya, sauran a hannu. Wata ta ce an gaya mata har wuta ta kama gidan. Da suka watse na zauna kusa da Inna a tabarma. Na ce, "Inna, taga ce fa, ba ƙofa ba. Kuma yarinya ɗaya ce." Ta ci gaba da jan carbinta, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Su can sun zana ƙaryarsu tsagwaronta, kun bi layi kuna saye. Tawa ko ba komai da gaskiya a gindinta. Ki bar ni in faɗi abuna."

Na bar ta.